Laifin Waya Ne, Ko Na Mai Riƙe da Ita?

Ranar 17 ga Nuwamba, 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara a Abuja ta tabbatar da hukuncin kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da ta sauke Abba Kabir Yusuf na NNPP daga kujerar gwamnan Kano, ta ce Nasiru Gawuna na APC ne ya ci. Bayan 'yan kwanaki sai ga rubutaccen kwafin hukuncin ya fito da hatimin kotu, kuma can kusa da ƙarshensa akwai wasu layuka da suka saɓa wa abin da alƙalai suka karanta a bainar jama'a: sun nuna kamar Abba ne ya yi nasara, an jingine hukuncin kotun ƙasa. Magatakardan kotun ya ce kuskuren rubutu ne. Duk wanda yake Kano a makon nan, ko yake da dangi a can, ya ga abin da ya biyo baya a wayoyi. Masu jar hula, magoya bayan Abba, suka ɗauki hoton wannan shafi guda, suka zagaye layukan da jan zane, suka watsa. Magoya bayan Gawuna suka riƙe sauran shafukan da bayanin magatakarda, su ma suka watsa nasu. Takarda ɗaya ce, amma gari ya karanta ta gida biyu, kuma da wuya ka sami wanda ya bi ta daga farko zuwa ƙarshe kafin ya yanke wa alƙalan hukunci. Sai ranar 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, ta tabbatar wa Abba kujerarsa.

Ba shari'ar ce ta sa na ɗauko wannan labari ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutane masu hankali, malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, kowannensu ya miƙa hannu cikin labari guda ya zaro abin da ya yi wa zuciyarsa daɗi ya bar sauran. Haka muke yi da labarin kisa a Filato, da na farashin mai, da na juyin mulkin Nijar, da na rikicin masarauta. Abin da ake ta ja-in-ja a kansa shi ne: shafukan sada zumunta ne suka mayar da mu haka, ko kuwa da ma halinmu ke nan, su dai sun fito da shi fili ne?

Masu ɗora laifi a kan shafukan daga aljihu suke farawa, kuma nan ya kamata a fara. Facebook da TikTok da YouTube da X ba daga hannun masu hawansu suke samun galibin kuɗinsu ba, daga talla ne, talla kuwa ana sayar da ita gwargwadon daɗewar idonka a kan allo. Saboda haka kowane kamfani yana da wani tsarin lissafi, wanda ake kira algoridim, aikinsa ya lura da inda yatsanka ya tsaya, da bidiyon da ka kalla har ƙarshe, da maganar da ta tunzura ka ka yi sharhi, sannan ya ƙaro maka irinsu. Wannan lissafi ba ruwansa da gaskiya ko ƙarya. Kamar mai tsire ne da ya lura kana son yaji: kullum ka zo sai ya ƙara maka, ba don ya damu da cikinka ba, sai don gobe ma ka dawo wurinsa.

Wannan ba zato ba ne. A 2021 Frances Haugen, wadda ta yi aiki a Facebook, ta fitar da dubban takardun cikin gida na kamfanin, ta kuma ba da shaida a gaban Majalisar Dattawan Amurka. Takardun sun nuna cewa akwai lokacin da lissafin kamfanin ke bai wa kowace alamar motsin rai, har da jar fuskar nan ta fushi, maki 5, alhali ɗaga babban yatsa maki 1 ne. Ma'aikatan kamfanin da kansu suka gano cewa rubutun da ya fi tara alamar fushi shi ya fi yawan ƙunsar ƙarya da cin mutunci, daga baya aka sauke makin. A 2018 kuma kamfanin ya sauya lissafinsa don ya riƙa ɗaga rubutun da ke jawo sharhi da cacar baki tsakanin abokai. An ce don a ƙarfafa zumunci ne, amma takardun sun nuna wasu jam'iyyun siyasa a Turai sun koka wa kamfanin cewa sauyin ya tilasta musu zafafa harshe, domin in ba su yi haka ba babu mai ganin rubutunsu.

Akwai kuma binciken da masana uku na jami'ar MIT suka wallafa a mujallar Science a 2018. Sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da mutum miliyan 3 suka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka tarar an fi sake yaɗa labarin ƙarya da kashi 70 cikin ɗari, kuma kafin labarin gaskiya ya kai ga mutum 1,500 yana cin ninki 6 na lokacin da na ƙarya ke ci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙarya sabuwa take zuwa, da ban mamaki da tayar da hankali, domin mai ƙirƙirarta ya dafa ta yadda za ta shiga. Wani binciken na 2016 ya nuna kashi 59 cikin ɗari na adireshin labaran da aka yaɗa a Twitter ba wanda ya taɓa danna su ya karanta. Kanun labari kawai ake gani, in ya yi daidai da ra'ayi a tura.

A wajenmu abin har ya zama sana'a. Binciken da Cibiyar Dimokuraɗiyya da Ci Gaba, CDD, ta yi tare da masanan Jami'ar Birmingham kan WhatsApp da zaɓen 2019, wanda Kano na cikin wuraren da aka gudanar da shi, ya bayyana yadda 'yan takara ke da rundunonin matasa masu kula da zauruka daga matakin jiha har mazaɓa, suna kambama gwaninsu suna yi wa abokin hamayya yarfe. A Janairun 2023 BBC ta fitar da rahoton da wasu masu ɗimbin mabiya da 'yan siyasa suka amsa cewa ana biyan kuɗi a ɓoye, wani lokaci har naira miliyan 20, don a yaɗa ƙarya kan abokin takara. Yanzu kuma da kamfanonin ke biyan masu shafuka dala gwargwadon yawan kallo, yaron da ke zaune ba aikin yi ya gane cewa bidiyon zagin malamin wata ƙungiya ya fi na koyar da noman rani kawo kuɗi.

Wanda yake ganin duk wannan surutun 'yan boko ne, ya tuna Filato. Tsakanin 22 da 24 ga Yuni, 2018 an kai hare-hare a ƙauyukan yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, aka karkashe 'yan ƙabilar Birom. 'Yan sanda sun ce mutum 86, mutanen yankin sun ce sun haura 200. Kisan ya auku, babu mai musun haka. Amma cikin hotunan da suka cika Facebook a kwanakin akwai waɗanda ba abin da ya haɗa su da Gashish. Binciken da sashen Africa Eye na BBC ya fitar a Nuwamban shekarar ya gano cewa hoton wani jariri mai saran adda a kai ya yi watanni a intanet kafin harin, bidiyon wani mutum da aka fasa wa kai kuwa ba ma a Nijeriya aka ɗauke shi ba, a Kongo-Brazzaville ne, tun 2012. Matasa suka tare hanyoyi suna fito da duk matafiyin da suka ɗauka Bafillace ne ko Musulmi. Rahoton ya ambaci mutum 11 da aka kashe a ranar 24 ga watan, 'yan sandan jihar kuma sun ce hotunan sun rura wutar. A lokacin 'yan Nijeriya miliyan 24 ne ke hawa Facebook a kowane wata, masu tantance labarai na cikakken lokaci da abokan hulɗar kamfanin suka ware wa ƙasar su 4 ne, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu. Takardun Haugen sun zo sun ƙara haske: kashi 87 cikin ɗari na abin da kamfanin ya ware don tantance ƙarya Amurka aka ware wa, sauran duniya kaf ta raba kashi 13.

Ɗaya ɓangaren kuwa cewa suke, a daina magana kamar kafin waya muna zaune ne cikin gaskiya tsantsa. Lokacin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana edita, ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne daƙile jita-jitar da ta cika kasuwanni gab da Yaƙin Duniya na Biyu. A Nuwamban 2002 mutum fiye da 200 suka mutu a Kaduna bayan wata maƙala kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da ta fito a jaridar ThisDay, kuma mafi yawan waɗanda suka fito kan titi ba su ga jaridar da idonsu ba, ji suka yi. A 2003 Kano da wasu jihohi suka dakatar da allurar shan inna saboda zargin an gurɓata ta da maganin hana haihuwa. Kano ba ta dawo da ita ba sai Yulin 2004, cutar kuwa ta tsallaka ƙasashe da dama. A lokacin Facebook bai fita daga harabar jami'o'in Amurka ba, WhatsApp kuwa sai 2009 aka ƙirƙiro shi. Zargin ya kama zukata ne saboda mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Ke nan jita-jita tana samun gindin zama ne a inda yarda ta riga ta karye, ko da waya ko ba waya. Sojojin baka ma a gidajen rediyo suka yi suna tun kafin su san Facebook. Tsofaffin kafafen da ake yi wa kuka yanzu su ma ba tsarkaka ba ne: rediyon jiha bakin gwamna ne, talabijin ɗin tarayya bakin shugaban ƙasa, shi ya sa iyayenmu suka manne wa BBC Hausa tun 1957, da Muryar Jamus da Muryar Amurka, don su ji abin da ke faruwa a garinsu daga bakin na nesa.

Suna da nasu binciken, mai nauyi kuwa. A 2015 masanan kamfanin Facebook sun duba masu amfani da shafin miliyan 10.1 a Amurka, suka ce lissafin yana rage wa mutum ganin labaran da suka saɓa wa ra'ayinsa, amma abin da mutum da kansa ya zaɓa ya danna ya fi rage masa. Za a iya cewa ai kamfani ba zai ƙi wanke kansa ba. To, a 2023 mujallun Science da Nature sun wallafa sakamakon wani babban gwaji da malaman jami'o'i suka yi tare da kamfanin Meta, mai Facebook, lokacin zaɓen Amurka na 2020. Dubban mutanen da suka amince aka cire musu lissafin na wata 3, rubutu yana zo musu bi da bi yadda aka wallafa shi; wasu kuma aka rage musu ganin rubutun masu ra'ayi irin nasu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da suke gani ya canza, lokacin da suke ɓatawa a shafin ya ragu, amma ra'ayinsu na siyasa da ƙyamarsu ga ɗaya jam'iyyar ba su motsa yadda za a iya aunawa ba. Wani binciken na 2017 ya nuna rarrabuwar kan siyasa a Amurka ta fi ƙaruwa tsakanin waɗanda suka haura shekara 65, wato waɗanda suka fi kowa ƙarancin hawa intanet. Hatta binciken MIT ɗin da ɓangaren farko ke kafa hujja da shi ya ce mutane ne, ba asusun bogi na na'ura ba, suka sa ƙarya ta fi gudu.

Hujjarsu da ta fi kama ni ita ce ta WhatsApp. A ƙasar Hausa nan ne babbar kasuwar labari, kuma a zaurukansa babu wani lissafi da ke zaɓar maka abin da za ka gani. Abin da abokinka ya turo shi za ka gani, a lokacin da ya turo. In an sami son zuciya a can, to hannun mutum ne ya zaɓo, ya tura. Sannan suna tunatar da mu abin da waya ta yi mana. Daren 3 ga Disamba, 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Hotunan da mutanen ƙauye suka ɗauka da wayoyinsu sun zagaye ƙasa, abin ya fi ƙarfin a rufe, rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa ita ce. Ƙauyuka nawa ne a Zamfara da Katsina da Sakkwato da ɗan jarida bai taɓa takawa ba, da ba don waya ba da ba wanda zai san an tashe su? A cikin rikicin Barikin Ladin nan ma, kafafen nan sun taimaka labarin Liman Abubakar Abdullahi ya kai ko'ina, dattijon da ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa ya hana a taɓa su, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019.

Na yarda da yawancin wannan, amma ban yarda ya wanke kamfanonin ba. Gwajin 2020 wata 3 aka yi shi, a kan manyan mutane da suka shafe shekaru suna gina ra'ayinsu, a ƙasa mai manyan jam'iyyu biyu, cikin Ingilishi, harshen da kamfanin ya fi sa wa ido. Daga baya ma wasu masana sun nuna cewa a daidai lokacin kamfanin ya kunna wasu matakan gaggawa na rage yaɗuwar ƙarya saboda zaɓe, wato ba lissafin yau da kullum aka gwada ba. Cire wa mutum abu na wata 3 a ga bai canza ba, ba ya nuna cewa shekara goma da ya yi a ciki ba ta yi masa komai ba. Kuma wanda ya sauka daga Facebook bai bar garin ba. Maƙwabcinsa da limaminsa da mai gabatar da shirin rediyon da yake saurare duk suna ciki, su za su kawo masa. Akwai ma wani gwajin da aka wallafa a 2020, inda aka biya mutane suka rufe shafinsu na Facebook na mako 4 gab da zaɓen majalisun Amurka na 2018: zafin ra'ayinsu ya ɗan sauka, ko da yake saninsu ga labarai ma ya ragu.

Inda nake ganin ɓangarorin biyu sun kauce shi ne zaton cewa matsalar ita ce ba ma ganin ɗaya gefen. Muna ganinsa, fiye ma da yadda kakanninmu suka taɓa gani. Tambayar ita ce wane ne daga cikinsu ake kawo mana. A 2018 Chris Bail na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun biya 'yan manyan jam'iyyun Amurka biyu don su bi wani asusun Twitter da ke turo musu maganganun ɗaya ɓangaren na wata guda. Ba su sassauto ba. 'Yan Republican ma ƙara tauri suka yi. Mu ma ga shi muna gani. Bahaushen da ke Gusau bai san malamar makaranta mai kirki da ke Inugu ba, amma ya san wani marar kunya guda da ya zagi 'yan Arewa a X, domin an ɗauki hoton rubutunsa an kawo masa har gida da taken "ku ga abin da suke faɗa a kanmu." Can ma haka ake kai musu mafi munin abin da ɗanmu ya rubuta. Lokacin zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, matashin Legas yana kallon hotunan waɗanda 'yan sanda suka azabtar yana mamakin yadda wasu a Arewa ke goyon bayan rundunar 'yan sanda ta SARS, matashin Arewa yana kallon gawarwakin da 'yan bindiga suka bari yana tambayar me ya sa ba a taɓa yi wa nasa matattun irin wannan gangami ba. Kowannensu yana da gaskiya a hannu. Abin da allo ya nuna wa kowanne shi ne ɗan'uwansa bai damu da jininsa ba, kuma irin wannan rubutu shi ke tara sharhi, shi lissafi ke ɗagawa.

Batun WhatsApp kuma yana buƙatar a matso kusa a duba. Ga yadda abin ke gudana a zauren dangi. Bayan sallar isha'i kawu ya turo saƙon murya na minti huɗu. Muryar wani ce da ba wanda ya sani. Ya fara da sallama da salati, ya ce shi ganau ne ba jiyau ba, ya rantse cewa a wani gari na Kudu an tare motocin 'yan Arewa ana kashewa yanzu-yanzu, ya roƙi duk wanda ya ji ya tura wa 'yan'uwa don Allah don Annabi. Babu rana, babu sunan mai magana. Kafin minti goma inna ta rubuta innalillahi, yaya ya sa alamar kuka, wani ya ce ai da ma ba ƙaunarmu suke ba. A zauren akwai yarinya 'yar jami'a da ta gane saƙon, ta san bara ma ya zagaya. Ta rubuta, "Kawu, Allah ya ƙara girma, wannan fa tsohon saƙo ne." Sai ta tsaya tana duban abin da ta rubuta, ta tuna gobe za a ce 'yar wance ta ƙaryata babba a gaban mutane, ta goge. Da safe saƙon ya bar waya. An kunna shi a teburin mai shayi, an maimaita shi a majalisa, wanda ba ya karatu ya ji, wanda ba shi da data ya ji, kuma kowa zai ce daga majiya mai tushe ne, domin daga wajen kawu ya fito, kawu kuwa ba ya ƙarya. Lallai ba ya yi. Mutuncinsa ne aka ara aka lulluɓe maganar wani da shi. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne wani lokaci irin wannan saƙo gaskiya ne, kamar kisan mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025, don haka ba za ka ce wa mutane su yi watsi da duka ba.

A nan kunya da girmama na gaba, waɗanda kyawawan ɗabi'unmu ne, su suka tsare wa ƙarya hanya. Wannan namu ne, ba na kamfani ba. Amma maɓallin turawa na kamfani ne, kuma shi ke yanke isnadi. Mu al'umma ce da malamanta suka koyar da cewa ba a karɓar hadisi sai an san wa ya ji daga wa, aya ta 6 ta Suratul Hujurat kuma ta umarci a binciki labari kafin a yi aiki da shi. A majalisar da, in ka kawo magana za a tambaye ka wa ya faɗa maka, in ta tashi ƙarya sunanka ya ɓaci a unguwa. Yanzu saƙo yana isowa ba uwa ba uba, da 'yar alamar cewa turo shi aka yi. Shaidar cewa ƙirar manhaja tana da tasiri daga bakin kamfanin ta fito: a Janairun 2019 WhatsApp ya taƙaita turawa zuwa wurare 5 a lokaci guda, a Afrilun 2020 ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri 1, sannan ya sanar cewa yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Halin mutane bai canza a makonnin ba, maɓalli aka canza.

Hukuncina shi ne son zuciya namu ne tun fil azal, amma kamfanonin nan sun same shi sun mayar da shi haja, sun cire masa kunyar da ke taka masa birki, sun ba shi gudun da gyara ba ya iya cim masa, kuma sun yi haka a harsunanmu ba tare da sun ɗauki isassun masu jin harsunan ba. Wanda ya ce laifin waya ne kaɗai yana neman inda zai ɓoye ne, wanda kuma ya ce ba ruwan kamfani yana yafe bashin da ba shi kaɗai ake bi ba.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a miƙa wa gwamnati wuƙar. Mun ga yadda take riƙe ta. An rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kwanaki kaɗan bayan kamfanin ya goge wani rubutun Shugaba Buhari. Masu hali suka bi ta VPN, masu ƙananan sana'o'i suka yi asara. A 2019 an kai wa Majalisar Dattawa ƙudurin dokar kafafen sada zumunta da na kalaman ƙiyayya, na biyun har da hukuncin rataya, jama'a suka yi ca a kansu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya sha zama igiyar kama 'yan jarida da masu sukar gwamnoni, har aka yi masa gyara a 2024. A Nijar sojoji sun dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata 3 a Disamban 2024. Manomin Maraɗi da aka ɗauke wa shirin Hausa daga rediyonsa bai daina neman labari ba, wayar ɗansa ya koma. Duk lokacin da aka toshe kafar da ke da suna da adireshi da editan da za a iya tuhuma, kasuwar saƙon da ba shi da uba ake buɗewa.

Akwai abin da ya dace a matsa wa kamfanonin su yi: su ɗauki masu jin Hausa da Fulfulde da Kanuri aiki da yawan da ya dace da yawanmu, su daina biyan dala a kan bidiyon da ke haɗa mutane faɗa, su buɗe bayanansu ga masu bincike na jami'o'inmu yadda suka buɗe wa na Amurka. Gidajen rediyo da jaridunmu su daina kwasar rubutun Facebook suna karanta shi a matsayin rahoto ba tare da sun buga waya ko ɗaya ba. Masu aikin tantancewa irin su Dubawa da Africa Check su riƙa fitar da sakamakonsu cikin saƙon murya na Hausa, domin a nan ƙaryar take yawo, ba a dogon rubutun Ingilishi ba.

Sauran kuma yana hannunka, musamman in kai ne shugaban wani zaure, na dangi ko na tsofaffin ɗalibai ko na 'yan kasuwa. Zaɓe na tafe, kuma an riga an fara ɗaukar yaran da za su yi aikin. Tun yanzu ka kafa ƙa'ida kowa ya sani: duk wanda ya turo labarin kisa, ko na wata ƙabila, ko na wani malami, ya faɗi inda ya samo shi da ranar da abin ya faru. Wanda bai faɗa ba a cire saƙon, ko na kawu ne, ka kira shi a waya ka yi masa bayani cikin ladabi. In kuma yaro ya zo da gyara, ka tsaya masa.